Aikin yanka da liƙa ga yaran da magana ta yi wa nauyi

Yaron da ya ga tashin hankali ba kasafai yake iya faɗa da baki ba. Ana ganin haka a yaran da aka gudo da su daga Sabon Birni, Isa da Rabah zuwa cikin garin Sakkwato. Ka tambaye shi damuwarsa, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Ka ba shi fensir, ya ce bai iya zane ba. Amma yaga takarda a liƙa a kwali, kowane yaro ya iya. Shi ya sa masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suke amfani da wannan aiki, domin hannu yakan fitar da abin da baki ya kasa.

Kayan ba su da tsada: kwali, tsofaffin kalanda da jaridu, ƙyallayen atamfa daga wurin tela, busasshen ganyen darbejiya, da almakashi marar tsini. In babu gam, a dama sitaci cokali 2 da ruwan sanyi kaɗan, a zuba kofi ɗaya na tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri, a bar shi ya huce. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana shi ma yana kamawa. A zafin Sakkwato sitaci yana tsami da wuri, don haka a dama na ranar kawai. A shafa kaɗan a bayan takardar, in ya yi yawa sai ta jiƙe ta yamutse, yaro ya ɗauka shi ya ɓata.

Kafin yara su zo, babba ya tace takardun. A ware duk shafin da ke da aya ko sunan Allah. A zaman farko a cire hoton bindiga, gawa, har da babur, don yaron da mahara suka shigo ƙauyensu a kan babura, hoton babur kaɗai yana iya tayar masa da hankali. Gidan da ba a son hoton mai rai, launuka da ƙyalle sun wadatar.

Yara 6 zuwa 8 sun isa zama ɗaya na minti 45. 'Yan ƙasa da shekara 5 su yaga da hannu, kuma kada a ba su dutsen ado ko maɓalli, suna haɗiyewa. A fara da abu mai sauƙi, kamar “wurin da hankalina yake kwanciya”. Matasa kuwa, maza daban mata daban, a ninke musu kwali gida biyu: a waje su liƙa abin da mutane ke gani game da su, a ciki abin da suke riƙe a zuci. Wanda bai so buɗe cikin ba, kada a tilasta masa. A ƙirga almakashi kafin zama da bayansa, reza kuwa kada ta shigo ɗakin.

Inda manya suka fi yin kuskure shi ne fassara. Yarinya ta liƙa jan ƙyalle, malami ya ce, “Wannan jinin da kika gani ne ko?” Ya sa mata magana a baki, alhali wataƙila zanen mahaifiyarta take tunawa. Abin da ya dace shi ne, “Ƙanwata, ba ni labarin wannan.” In ta yi shiru, a ƙyale ta. Kada a ba da maki, kada a ce na wane ya fi kyau, kada a gyara wa yaro abin da ya liƙa a karkace. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton aikin ana sa wa a Facebook ko WhatsApp, sirrin yaro ne.

In yaro ya fara rawar jiki ko kuka mai tsanani, a dakata, a ba shi ruwa, a ce ya ambaci abubuwa biyar da yake gani a ɗakin har ya natsu. A bar minti 10 na ƙarshe don tattara kaya tare, kada a sallame shi zuciyarsa a tashe.

Wannan aiki ba ya maye gurbin likita. Yaron da ya ambaci kashe kansa, ko yake ji wa kansa rauni, ko ya bayyana an ci zarafinsa, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a yi masa alkawarin ɓoye irin wannan magana. Wanda ya haura wata guda ba ya barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.