Inshorar gida a Kalifoniya ba ta biyan ɓarnar girgizar ƙasa

Da yawa daga cikin masu gidaje a jihar Kalifoniya ta Amurka sun daɗe suna zaton cewa inshorar gida da suke biya duk shekara za ta gyara musu gida idan ƙasa ta girgiza. Ba haka abin yake ba. Idan girgizar ta tsaga bango ko ta zame gidan daga kan harsashinsa, kamfanin ba ya biyan ko sisi, sai dai idan gobara ce ta biyo baya ta cinye gidan. Inshorar girgizar ƙasa daban ake sayenta.

Bayan girgizar ƙasar da ta auku a Northridge, wata unguwa a birnin Los Angeles, a watan Janairun 1994, kamfanonin da ke sayar da inshorar girgizar ƙasa tare da ta gida sun yi asarar da ta sa da yawansu suka daina sayar da inshorar gida a jihar, abin da ya kai ga kafa Hukumar Girgizar Ƙasa ta Kalifoniya a 1996 domin samar wa masu gidaje inshorar girgizar ƙasa. Duk da haka, har yau tsiraru ne ke sayen wannan inshora.

Tsada na cikin dalilai, amma abin da ya fi sanyaya gwiwar mutane shi ne kason da mai gida ke ɗauka da kansa, wanda ke kamawa daga kashi 5 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa gidan inshora. Mai gidan dala 500,000 da ya zaɓi kashi 15, sai ɓarnarsa ta haura dala 75,000 kafin a ba shi komai. Wasu kuma suna dogaro da tallafin gwamnatin tarayya, alhali kuwa tallafin bai isa sake gina gida ba, kuma yawancinsa rance ne da za a biya.