Amincewar majalisa da kasafin kuɗi a Najeriya

Amincewa da kasafin kuɗi shi ne matakin da majalisar dokoki ke bai wa ɓangaren zartarwa izinin kashe dukiyar jama'a a cikin shekara guda. Tushen al'adar yana Ingila, inda dokar 1689 ta hana sarki karɓar haraji ba da yardar majalisa ba. A Najeriya, sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a fitar da ko sisi daga babban asusun gwamnatin tarayya sai da izinin doka.

Kafin kasafin kansa, dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta a aika wa majalisa tsarin shekara uku, mai ɗauke da hasashen farashin gangar mai, da yawan man da za a haƙo, da canjin dala. Bayan nan shugaban ƙasa kan je zaman haɗin gwiwa na sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, ya karanta jawabi, ya ajiye kundin kasafin a gabansu. Sashe na 81 na kundin tsarin mulkin bai yanka masa rana ba, cewa kawai ya yi a kowane lokaci cikin shekara, kuma nan ne jinkiri ya fi samun ƙofa.

Kowace majalisa takan yi wa ƙudurin karatu na ɗaya da na biyu, sannan ta miƙa shi ga kwamitin kasafi. A nan ake ainihin aikin. Ministoci da shugabannin hukumomi kan bayyana gaban kwamitoci domin "kare kasafi", a tambaye su yadda suka yi da kuɗin bara, a bi layi-layi a rage nan a ƙara can. In majalisun biyu suka saɓa, kwamitin haɗin gwiwa ke daidaita alƙaluman. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya rattaba hannu. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na zaman haɗin gwiwa ya isa ya mai da ƙudurin doka.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce iyakar ikon majalisa wajen sauya abin da aka kawo mata. A Birtaniya gwamnati ce kaɗai ke iya neman ƙarin kashe kuɗi, amma kundin Najeriya bai fito fili ya ja layi ba, don haka kowane ɓangare ke jan zaren zuwa gefensa. Kasafin 2018 ya shiga majalisa a Nuwamban 2017 yana naira tiriliyan 8.6, ya fito yana tiriliyan 9.12, kuma sai 20 ga Yunin 2018 Muhammadu Buhari ya sa masa hannu, yana ƙorafin an cusa ayyuka 6,403. 'Yan majalisa kan ce su ne suka san buƙatun mazaɓunsu. Masu suka kuma na kiran abin cushe ko aringizo. Zargin cushe ne ya jawo dakatar da Abdulmumin Jibrin daga Majalisar Wakilai a 2016, da Sanata Abdul Ningi a Maris 2024, bayan hirarsa da sashen Hausa na BBC. Su biyun kuwa su ne suka yi zargin.

Jinkiri ba ya tsayar da gwamnati cak kamar yadda kan faru a Amurka, domin sashe na 82 ya yarje wa shugaban ƙasa ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida, bisa ma'aunin kasafin shekarar da ta gabata. Albashi kan fita, sabbin manyan ayyuka ne ke jira. An dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba da kasafin 2020, wanda aka sa wa hannu a 17 ga Disamban 2019, amma na 2025 sai ƙarshen Fabrairu ya zama doka. In kuɗin da aka ware bai isa ba, gwamnati kan koma majalisa da ƙwarya-ƙwaryar kasafi, wanda shi ma sai ya bi waɗannan matakai.