Ba da hayar tsohuwar bola don samar da wutar sola: abin da doka ta tanada

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bola a Gombe ya san halinta da bazara. Hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin shara ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba, leda na bin iska har tsakar gida. Ko an rufe irin wannan wuri, ba ya ginuwa, ba ya nomuwa. Shi ya sa nake ganin shimfiɗa farantan sola a kansa dabara ce mai kyau, muddin an bi ƙa'ida tun daga tushe.

To, filin na wane ne? Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne bisa Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, amma hakan bai sa filin ya zama nata ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, kuma a cikin birni shi ke ba da izinin riƙe fili. Ko mai takardar shaidar riƙe fili, wato C of O, ba zai ba wani hayar filinsa ba sai gwamna ya amince, in ji sashe na 22. Yarjejeniyar da ta tsallake wannan mataki, sashe na 26 ya ce kamar ba a yi ta ba.

Sai batun wutar kanta. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yunin shekarar sun ba jihohi damar tsara kasuwar lantarkinsu. Inda jiha ba ta karɓi ragamar ba, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ce ke ba da lasisi, kuma tashar da ta haura megawat 1 tana buƙatarsa.

Inda na fi son a tsaya a duba da kyau shi ne abin da ke binne. Shara na ci gaba da ruɓewa shekara da shekaru bayan an daina zubawa. Tana fitar da iskar metan mai kama wuta, ƙasa na loɓawa, ruwan dagwalo na tsiyaya zuwa rijiyoyin maƙwabta. Don haka a kan irin wannan fili ba a haƙa rami a kafa ƙarafa, ɗora su ake yi a kan tubalan kankare don kada a huda murfin ƙasar da aka lulluɓe sharar da shi. Farantan kuwa kan kai shekara 25 suna aiki. A tsawon wannan lokaci, in murfin ya tsage ko ruwan damina ya zaizaye gefe (mu a Gombe mun san ɓarnar kwari), wa zai gyara, gwamnati ko ɗan haya? Wa zai kwashe kayan in wa'adi ya cika? Takardar haya ce za ta amsa, kuma in ta yi shiru, mutanen unguwa ne za su kwana a ciki.

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce a yi bincike kafin fara aikin da zai iya shafar muhalli sosai, a kuma ba jama'a damar ganin rahoton su faɗi ra'ayinsu. Mai unguwa, masu rijiyoyi da 'yan bola-jari da ke neman abinci a wurin duk suna da ta cewa, kuma lokacin faɗar shi ne sa'ad da aka baje rahoton, kafin motar farko ta sauke kaya.