Kai yaro farautar barewar Amurka: abin da dokar jihar Wyoming ta ce

A filayen yammacin Amurka akwai wata dabba da Turawa ke kira pronghorn. Da ka gan ta barewa za ta faɗo maka a rai, ko da yake masana sun ce raƙumin dawa ya fi kusa da ita a dangantaka. Gudunta yakan kai kilomita 88 a awa ɗaya, idonta kuma yana hango motsi tun daga nesa ƙwarai. Babu jihar da ta kai Wyoming yawanta, shi ya sa daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba mafarauta ke tururuwa can, wasu har da 'ya'yansu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk uban da ya tashi da bindiga a kafaɗa yana son ɗansa ya gaje shi. Sai dai a Wyoming, kafin a sa yaro a mota, dole uba ya amsa tambaya guda: kallo yaron zai je, ko shi zai harba?

Idan rakiya ce kawai, doka ba ta yanke shekaru ba. Ɗan shekara shida zai iya bin babansa, ya riƙe madubin hangen nesa, ya koyi gane sawu. Amma ba zai taɓa kunamar bindiga a kan dabbar ba, ko da hannun uban yana bisa nasa. Lasisin farauta na wanda aka rubuta sunansa ne a jiki, shi kaɗai. Haka kuma idan yaron ne ke da lasisi, uban ba shi da damar harbar masa, ko da ya ga hannun yaron yana rawa, dabbar kuma tana shirin tsallakewa. A nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa cikin laifi, don a zuciyarsu taimako suke yi. Ni dai ina ganin dokar nan ta yi wa yaro gata. Ta hana babba ya fake da sunansa ya ƙara wa kansa nama, ta kuma bar wa yaron damar cewa bai shirya ba.

Yaron da zai harba da kansa sai ya kai shekara 12, ko kuma ya kasance ɗan 11 wanda zai cika 12 kafin shekarar ta ƙare. Muddin bai kai 14 ba, uba ko waliyyinsa ne zai sa hannu a takardar neman lasisi, kuma ba ya fita daji sai da babban mutum a tare da shi koyaushe. Babban ma ba kowane ba: sai mai takardar shaidar horon kiyaye haɗari a farauta, ko wanda ya taɓa samun lasisin manyan namun daji na Wyoming cikin shekara 5 da suka wuce. Idan kawu ne ko aminin uba zai kai shi, yaron zai riƙe takardar izini da sa hannun iyayensa a aljihu. Babba ɗaya, yaro ɗaya. Mai 'ya'ya biyu 'yan ƙasa da 14 da duk suka samu lasisi, sai ya nemi wani babban ya raka su, ko su fita bi da bi.

Waccan takardar horo ta hau kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1966 zuwa yau, in dai da bindiga zai yi farauta a ƙasar da ba ta gidansu ba. Wanda bai yi horon ba tukuna akwai shirin da hukumar namun daji ta jihar ta tanada, inda zai yi rajista ya fita ƙarƙashin wani ƙwararre da zai kasance yana ganinsa, yana kuma jin muryarsa. Rangwame ne, amma gara yaro ya zauna a ajin tun da wuri.

Sai batun lasisin kansa, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Ba a kanti ake saye ba, ƙuri'a ake yi. An yanka jihar yanki-yanki, kowane yanki da adadin dabbar da za a iya kashewa a shekara, kuma kashi 20 cikin 100 na lasisin barewa ake ware wa waɗanda ba mazauna jihar ba. Ana rufe karɓar takardu wajen ƙarshen Mayu, sakamako ya fito a Yuni. Baƙo yana iya sayen maki ɗaya duk shekara ya tara, domin kashi 75 cikin 100 na rabon baƙi masu yawan maki ake ba wa, ragowar 25 kuma sa'a ce zalla. Wanda ya yi shekara biyu a jere bai sayi maki ba, abin da ya tara ya bi ruwa. Saboda haka uban da ke burin fita da ɗansa ranar da ya cika 12, tun yaron yana firamare ya kamata uban ya fara tara wa kansa maki. Idan lokaci ya yi sai su nema a ƙungiyance, a haɗa makinsu a raba daidai, ko dai su samu tare ko su rasa tare. Adadin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: bayan mugun sanyin da ya kashe namun daji a hunturun 2022 zuwa 2023, hukumar ta zaftare dubban lasisin barewa.

Jagora fa? Doka ta tilasta wa baƙo ɗaukar jagora ne kawai idan zai shiga dazuzzukan da gwamnatin tarayya ta keɓe a bar su yadda Allah ya halicce su, kuma barewa ba can ta fi zama ba, a buɗaɗɗen fili take. Mai yaro yana ɗaukar jagora ne don sauƙi, da kuma don da yawansu sun yi hayar filayen makiyaya inda babu cunkoso. Abin dubawa shi ne ko kamfanin yana da lasisi daga hukumar jihar da ke kula da masu wannan sana'a. Kuɗin jagora daban, lasisinka daban, ba shi zai ba ka ba. A kuma tambaye shi tun kafin a biya kuɗin kama wuri ko yana karɓar ɗan rakiya, nawa ne kuɗinsa, daga shekara nawa, domin kowane kamfani da nasa sharaɗin.

Maganar fili ba ƙarama ba ce. Shiga gonar wani ko makiyayarsa don farauta ba da izini ba laifi ne, ko da babu shinge, kuma sai ka iya nuna shaidar izinin. A kudancin jihar filin gwamnati da na masu zaman kansu sun jeru kamar gidajen dara, gadon rabon ƙasa da aka yi wa kamfanin jirgin ƙasa a shekarun 1860. A watan Maris na 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce mutum zai iya tsallakawa daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata kusurwar in bai taka na wani ba. Mai tafe da ƙaramin yaro dai ba zan ba shi shawarar gwada wannan ba.

Ranar fita, mai harbi da bindiga zai sa aƙalla tufa ɗaya ta waje mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, hula ce ko riga. Dokar a kan mafarauci take, amma yaron da tsayinsa bai wuce ciyawa ba ya fi kowa bukatarta, tare da abin toshe kunne da safar hannu mai kauri, saboda rarrafe ake yi a ƙasa mai ƙaya kafin a kusanci garke. Ana harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, ba daga cikin mota ba, ba kuma daga kan hanyar jama'a ko a tsallake ta ba.

Dabba na faɗuwa, kafin a bar wurin, mai lasisin zai ɓalle guntun takardar da ke jikin lasisinsa, ya sa hannu, ya yanke rana da wata. In yaron ne ya harba, shi zai yi da hannunsa, jagora ya riƙe masa takardar don iska. Idan a filin wani ne, akwai wani guntun da ake miƙa wa mai filin ya kai wa hukuma a biya shi. Naman cinyoyi, na ƙafafun gaba da na gadon baya ba a barinsa a daji, yin haka laifi ne, kuma da yake rana takan yi zafi a Satumba, sai an feɗe da sauri an sa a ƙanƙara. Wanda ya kashe ba bisa ƙa'ida ba sannan ya tsallaka da naman wata jiha, ya shiga hannun dokar tarayya ta Lacey ta 1900, kuma dakatar da lasisinsa a Wyoming na iya bin sa har jihar da ya fito.