Gyara takardun sojan ko-ta-kwana a Amurka: wa'adin shekara 3 da batun ɗauri

Maganganu biyu suna yawo a tsakanin waɗanda suka yi aikin sojan ko-ta-kwana a Amurka, wato sojan da ba kullum yake bakin aiki ba sai lokacin atisaye ko idan an kira shi, har da 'yan uwanmu da suka shiga aikin bayan sun sami takardar zama a can, kuma duka biyun suna hana mutane haƙƙinsu. Ta farko tana cewa wanda ya shekara 3 da barin aiki ba shi da sauran damar gyara kuskuren da ke cikin takardunsa. Ta biyu ta fi tsoratarwa, domin cewa ake yi wanda ya nemi gyara aka ƙi amincewa zai iya fuskantar tuhumar zamba har a ɗaure shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta dace da abin da doka ta ce.

Kafin a zo kansu, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa takarda take da wannan nauyi. A dokar tarayya, sanya kaki shi kaɗai ba ya sa Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, ta ɗauki mutum a matsayin tsohon soja. Sashe na 101 na kundi na 38 na dokokin tarayya ya ce tsohon soja shi ne wanda ya yi cikakken aikin soja kuma aka sallame shi ba sallamar wulaƙanci ba. Atisayen ƙarshen mako sau ɗaya a wata da horon mako biyu na shekara, waɗanda su ne ainihin rayuwar sojan ko-ta-kwana, ba su shiga wannan lissafi, sai idan mutum ya nakasa a lokacinsu. A horo na cikakken lokaci, rauni ko cuta duk ana lissafa su. A atisayen ƙarshen mako kuwa rauni kawai ake lissafawa, tare da bugun zuciya da tsayawar zuciya da shanyewar jiki. Ke nan mutum biyu za su iya yin shekara 8 a runduna ɗaya, ɗaya ya cancanci kulawar asibiti da diyya, ɗayan bai cancanta ba, kuma abin da ya raba su yana iya zama takardar umarni guda da ta nuna an kira ɗaya cikakken aikin soja na tarayya a ƙarƙashin kundi na 10, ko rahoton da ya tabbatar cewa guiwarsa ta goce ne a bakin aiki.

Dakarun tsaron ƙasa na jihohi ma wannan tsari ya shafe su, sai dai aikin da gwamnan jiha ya kira su da kuɗin jiha ba ya shiga lissafin tarayya.

Kurakuran da aka fi gani ba masu ban mamaki ba ne. Wani an tura shi Iraƙi ko Afganistan amma takardar sallamarsa, wato DD 214, ta rage masa kwanaki, kuma kwanakin suna da tasiri, domin tallafin karatu na bayan harin 11 ga Satumba yana farawa ne daga kwana 90 na cikakken aiki, ya kai cikakke a wata 36. Wani ya ji ciwo a atisaye, aka yi masa magani, amma ba wanda ya rubuta rahoton cewa a bakin aiki abin ya faru. Wani kuma makinsa na fansho ne, wanda ake tarawa ta atisaye da kwanakin aiki, ya ɓace: ana buƙatar maki 50 kafin a lissafa shekara a matsayin mai kyau, kuma sai da irin waɗannan shekaru 20 ake samun fansho, wanda galibi ake fara biya a shekara 60 da haihuwa. Atisaye biyu ko uku da magatakarda bai shigar ba sun isa su zubar da shekara guda.

Don irin wannan ne Majalisar Dokokin Amurka ta kafa kwamitocin gyara takardun soja a 1946, domin kafin lokacin sai an kai wa majalisa ƙudurin doka na musamman kan mutum ɗaya. Ikonsu yana cikin sashe na 1552 na kundi na 10, wanda ya ba sakataren kowace runduna damar gyara takarda ta hannun kwamitin farar hula, idan akwai kuskure ko zalunci. Sojan ƙasa suna da nasu, sojan sama suna da nasu, sojan ruwa da na kundunbalar ruwa suna da guda ɗaya tare. Ana nema da fom mai lamba DD 149, kuma ba a biyan ko sisi. Sharaɗi shi ne mutum ya fara neman gyaran ta ofishin ma'aikata na rundunarsa, sai abin ya gagara ya zo kwamiti.

Yanzu ga wa'adin shekara 3. Gaskiya ne yana cikin doka, amma masu yaɗa maganar sun bar abu biyu. Na farko, ba daga ranar barin aiki ake fara ƙirga ba, daga ranar da mutum ya gano kuskuren ne, ko da yake kwamiti yana iya cewa ya kamata ya gano tun da wuri, musamman idan kuskuren yana kan takardar da ya sa wa hannu da kansa. Na biyu, sashen da ya kafa wa'adin shi ne kuma ya ba kwamiti ikon yafe latti idan yin hakan zai tabbatar da adalci, kuma fom ɗin kansa yana da wurin da ake bayyana dalilin jinkiri. Mutumin da bai san an rage masa kwanaki ba sai ranar da VA ta ƙi buƙatarsa yana da hujjar da zai rubuta a wurin. Yafewar ba dole ba ce a kan kwamiti, don haka jinkiri ba dabara ba ne, amma cewa ƙofa ta rufe ƙarya ce. Wataƙila ruɗanin ya samo asali ne daga wani kwamiti dabam, mai duba irin sallamar da aka yi wa soja, wanda ake nema da fom DD 293, domin shi wa'adinsa na shekara 15 ba ya karɓar uzuri. Ko a nan ma, wanda ya wuce shekara 15 yana iya kai kukansa ga kwamitin gyara takardu.

Batun ɗauri ya fito ne daga gargaɗin da ke kusa da wurin sa hannu a fom ɗin, inda aka ambaci sassa na 287 da 1001 na kundi na 18, waɗanda suka tanadi tara ko ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko duka biyun. Wannan hukunci na wanda ya yi ƙarya ne da gangan yana sane: ya ƙirƙiro takardar umarni, ya sauya kwanan wata a rahoton likita, ko ya sa wani ya yi masa shaidar zur. Wanda ya faɗi abin da ya tuna, ya haɗa takardun da yake da su, kwamiti ya ga ba su isa ba, abin da zai samu shi ne wasiƙar ƙin amincewa, kuma yana iya sake nema idan ya sami sabuwar hujja, ko ya tafi kotun tarayya. Rashin isasshiyar hujja ba laifi ba ne. Haɗarin gaske yana wajen dillalan da ke karɓar kuɗi su yi alkawarin ƙara wa mutum kwanakin da bai yi ba, domin shi ne zai sa hannu, shi ne kuma zai amsa tuhuma. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da VA ta amince da su, irin su American Legion da DAV, suna taimakawa kyauta.

Akwai wata fahimta da ita ma take buƙatar gyara, amma ta ɗaya ɓangaren, wato zaton cewa sunan tsohon soja kaɗai ko tausayin kwamiti zai jawo wa mutum haƙƙi. A Disamban 2016 an sa hannu kan dokar da ta ce wanda ya cika shekara 20 a aikin ko-ta-kwana har ya cancanci fansho za a girmama shi da sunan tsohon soja. Dokar da kanta ta ce sunan ba ya jawo wani haƙƙi. Haka kuma kwamitin gyara ba ya mayar da atisaye ya zama cikakken aiki don tausayi. Aikinsa shi ne ya sa takarda ta faɗi abin da ya faru, daga nan VA ta yanke nata hukuncin.

Inda tsarin ya matse wa mutane shi ne nauyin kawo hujja. Kwamiti yana farawa da ɗaukan cewa hukuma ta yi aikinta daidai, sai mai nema ya tabbatar da akasin haka. Ga sojan ko-ta-kwana wannan nauyi ya fi yawa, domin takardunsa a warwatse suke tsakanin rundunarsa da ofishin jiha da rumbun adana takardun ma'aikata na St. Louis, inda gobarar Yulin 1973 ta cinye takardun soja miliyan 16 zuwa 18. Bai dace a ce sakacin magatakarda na shekara 20 da suka wuce ya koma kan wanda ba shi ne ya riƙe fayil ɗin ba, amma haka doka take a yanzu. Saboda haka takardar albashi ta wata-wata, da umarnin tafiya, da takardar makin fansho ta shekara, da katin asibiti, da rubutacciyar shaidar kwamanda ko abokin aiki su ne ke cin nasara a gaban kwamiti, fiye da dogon bayani. Ana neman kwafin fayil da fom SF 180, kuma doka ta buƙaci kwamitocin su kammala kashi 90 cikin 100 na buƙatu cikin wata 10, sauran kuma cikin wata 18, sai idan sakataren runduna ya ba da izinin ƙarin lokaci.