Jaime Harrison

Jaime Harrison lauya ne kuma ɗan siyasar Amurka, wanda ya shugabanci jam'iyyar Democrat a jihar Carolina ta Kudu daga 2013 zuwa 2017. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kujera.

An haife shi ranar 5 ga Fabrairu, 1976 a garin Orangeburg, ya tashi a hannun mahaifiyarsa da kakanninsa cikin rashin wadata. Ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Yale, inda ya gama a 1998, ya koma tsohuwar makarantarsa ta sakandare ya yi koyarwa. Digirin lauya kuwa a Jami'ar Georgetown ya same shi a 2004. Sai dai ba a kotu ya yi suna ba. Majalisar Wakilai ya nufa, ya yi aiki ƙarƙashin Jim Clyburn, ɗan majalisa daga jiharsa, wanda ya zame masa ubangida a siyasa. Daga 2008 zuwa 2016 ya yi aiki da Podesta Group, kamfanin da ke yi wa manyan kamfanoni kamun ƙafa wurin 'yan majalisa, abin da abokan hamayya suka riƙa yi masa gori da shi daga baya.

Shugabancin Democrat a Carolina ta Kudu jan aiki ne, domin rabon jam'iyyar da ta ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa tun nasarar Jimmy Carter a 1976, shekarar da aka haifi Harrison. A 2017 ya nemi shugabancin jam'iyyar na ƙasa, amma ya janye ya mara wa Tom Perez baya.

A 2020 ya kara da Sanata Lindsey Graham na Republican. Cikin wata uku kacal ya tara dala miliyan 57, adadin da babu ɗan takarar sanata da ya taɓa tarawa a irin wannan lokaci kafinsa. Kuɗin ba su sauya halin jihar ba: Graham ya kayar da shi da tazarar kusan kashi 10 cikin 100.

Duk da faɗuwar, Joe Biden ya zaɓe shi ya jagoranci jam'iyyar a matakin ƙasa a Janairun 2021. A zamaninsa ne aka sa jiharsa a sahun farko na zaɓukan fid da gwani na 2024. Ken Martin ya gaje shi a Fabrairun 2025.