Haihuwa da zamantakewar maƙwaƙƙwafi

Maƙwaƙƙwafi tsuntsu ne daga dangin Picidae, mai jinsuna fiye da 200. Babu shi a Ostareliya da Madagaska. A Nijar akwai mai ruwan toka, Dendropicos goertae, wanda ake gani a lambunan bakin kogi a Yamai da gandun dajin W, sai wani ƙaraminsa na yankin Sahel, Dendropicos elachus. Namijin mai ruwan toka na da jan tabo a ka, macen ba ta da shi.

Neman aure

Ba gwanin waƙa ba ne. Yawancin jinsuna busasshen reshe suke samu su yi ta buga masa baki da sauri kamar kiɗa, don kiran mace da shelar cewa wurin yana da mai shi. Galibi namiji ɗaya mace ɗaya ne a kowace kakar haihuwa.

Ramin sheƙa

Rayuwar tsuntsun kacokan ta rataya ne a kan rami. Ma'auratan suna sassaƙa kogo a mataccen itace ko ruɓaɓɓen reshe, aikin da kan ci makonni, kuma namiji ne ya fi shan wahalarsa. Ƙofar kewayayya ce, daidai jikinsa, ramin kuma ya gangara ƙasa. Ba a kawo ciyawa ko gashi. Ɓarɓashin sassaƙar shi ne shimfiɗa. Ƙwan farare ne tas, mai ruwan toka kan saka 2 zuwa 4. Suna karɓa-karɓa wajen kwanci, amma kwancin dare na namiji ne. Bayan kwana 11 zuwa 14 ƴaƴan suke fitowa tsirara, idanu a rufe, su yi mako 3 zuwa 4 iyayen biyu na ciyar da su. In sun tashi, mujiya ƙanana, aku da jemagu sukan gaji ramin. Shi ya sa saran busassun itatuwa don itacen girki a kewayen Yamai ba ƙaramar asara ba ce, ga maƙwaƙƙwafi da maƙwabtansa duka.

Zaman tare

Yawancinsu ƴan kaɗaici ne masu kishin iyaka. A Kalifoniya ta Amurka kuwa akwai wani jinsi, Melanerpes formicivorus, mai zaman gandu: maza da mata da dama na haihuwa a rami ɗaya, ƴaƴan bara na taya reno. Mace takan fitar da ƙwan ƴar'uwarta har sai dukansu sun fara saka nasu. Masana sun saɓa a kan abin da ya haifar da wannan zama.